Gwazarma a Garkar Inna

Har yau ba na iya ganin gwazarma a ƙasa in wuce. Sai na tsaya na murtsuke ta da takalmi, ko da kuwa cikin kwalliyar biki nake. 'Ya'yana suna yi mini dariya, wai Mama tana faɗa da tsutsa. Ina ƙyale su, don ba su san garkar Inna ba. Babbarsu ma tana zanen goyo aka rushe garkar.

Gidanmu yana gefen garin Daura, inda a da in ka fita ta baya sai gonaki. A bayan ɗakin Inna, mahaifiyata, akwai wani fili da Baba ya kewaye da katangar ƙasa tun tana amarya, ya haƙa 'yar rijiya a kusurwa, ya ce nata ne. Shi muke kira garka. Inna matar kulle ce. In ka cire ta'aziyya da asibiti, ban san ta da fita ba, saboda haka garkar nan ita ce kasuwarta, ita ce unguwarta. Da rani tana shuka alayyafo da salak da albasa da tumatir, da damina kuma rama da yakuwa da kuɓewa, ga zogale a jere a jikin katanga. Ba don sayarwa take yi ba, da shi take zumunci. Wadda ta haihu a unguwa za a kai mata, wanda ya kwanta ciwo za a kai masa. Kullum da hantsi yara suna sallama da kwano a hannu, “Wai in ji Umma a san mata alayyafo.” Sai Inna ta miƙe da 'yar wuƙarta tana mita, wai an mayar da ita baiwar unguwa, alhali duk wanda ya kalli fuskarta ya san daɗi take ji.

Abu ɗaya ne ba ta wasa da shi, shi ne taki. Ɗanyen taki ba ya shiga fangalin da take shuka a ciki. Kashin awaki da na tumaki da sharar gida duk a juji ake tara su a wani lungu na garkar, su shekara. In bazara ta kama, rana ta fara dukan tsakar ka, sai a baje jujin nan da fartanya, a saki kaji. A nan na fara sanin gwazarma: fara ce sol, mai kauri kamar babban yatsa, da jan kai, in an tono ta sai ta naɗe jiki. Buzuzu da danginsa ne ke yin ƙwai a cikin taki mai danshi, ƙwan ya ƙyanƙyashe ya zama ita. Inna takan ce manyan ba su cika ɓarna ba muddin suna da taki da za su ci, ƙananan ne mugaye, amma ita ba ta yarda da ko ɗaya ba. In gwazarma ta shiga fangali ta ƙasa take aiki. Za ka ga shuka da safe lafiya lau, kafin la'asar ta langaɓe kamar ba a ba ta ruwa ba, in ka ja ta sai ta biyo hannunka babu saiwa.

Kaji su cinye wadda suka gani, rana ta kashe ƙwai da wadda ta saura, a sake juyawa, a sake bajewa, har takin ya bushe ya yi laushi ya daina wari. Sannan ta gauraya shi da toka da busasshen ganyen darbejiya, ta ce ya nuna. Ba ta taɓa sayen maganin feshi ba. Ta ce ba za ta zuba guba a kan abin da za ta aika wa mai jego ba.

Mai juya mata jujin nan tun yana ɗan makaranta shi ne Yaya, babban wanmu. Ina so a riƙe wannan. Hannunsa ya yi kanta a kan fartanyar nan, shi ne ma yake cika gwangwani da gwazarma ya bi ni da gudu har cikin ɗaki ina ihu. Duk Daura in akwai namijin da ya san bambancin ɗanyen taki da nunanne, to shi ne.

Da Baba ya rasu ba a raba gida ba. Amma kafin nan gari ya riga ya cim mana. Gonakin baya sun zama gidaje, an shimfiɗa kwalta a jikin katangar garka, 'yan acaɓa suna wucewa suna ƙara. Yaya ya fara maganar cewa wurin nan shaguna ya dace da shi, ba ganye ba. Baffa, ƙanen Baba, shi ya raba gardama. Ya ce muddin garkar tana ba da amfani, kuma mai ita tana raye, kada wanda ya taɓa ta. Ranar da ta daina, to sai a zauna a sake magana. Yaya ya ce ya ji. Inna ba ta ce komai ba, don Yaya ɗan fari ne, ko sunansa ba ta kamawa, ba ta kallon tsakar idonsa, balle ta yi jayayya da shi. “Yayanku” take ce masa, in kuma ranta ya ɓaci, “wannan yaron”.

Sai ya yi aure. Ya auro 'yar wani Alhaji, dillalin shanu, wanda ke sayo su daga kasuwannin kan iyaka ya yi kiwo ya tura Kudu. Babban mutum ne, mai kyauta, ba zan ci haƙƙinsa ba. Amaryar ma ba ruwanta, yarinya ce mai kunya, ko tari ba ta yi da ƙarfi. Saboda ita Yaya ya malale tsakar gida da siminti. Wata rana ƙawayenta suka zo, wata kazar Inna ta faɗa ɗakin ta yi kashi a kan sabon kafet. Da yamma Yaya ya tsaya a ƙofar ɗakin Inna, kansa a ƙasa, cikin ladabi sosai, ya ce kajin nan suna ba shi kunya a gaban surukai. Washegari Inna ta sa aka ɗaure su a kwando aka kai wa ƙanwarta ƙauye kiwo. Ta ce ai ba komai, da ma sun dame ta da tona.

A shekarar ne na dawo gida goyon ciki, haihuwar fari. Na zo ƙarshen kaka, na tarar Inna ta gama kaftu, ta ja fangali, irin tumatir da albasa da ta rena ya kai dashe. Nunannen takinta yana gefe a rufe da tsohon buhu, kaɗan ne amma zai isa.

Wata safiya muka ji ƙarar amalanke a bayan katanga da muryoyin maza. Yaya ya shigo fuskarsa a sake, ya ce Alhaji ne ya aiko wa Inna da alheri. Wai ya ji labarin yadda take ciyar da 'yarsa da ganye kullum, shi kuma ba shi da abin da zai saka mata da shi sai abin da Allah ya hore masa. Taki ne daga garkensa, daga ƙasan tudun da shanu suka yi damina a kansa. Kuma wai Alhaji ya ce kada a jibge a ƙofa a bar tsohuwa da wahala. A shigar, a baje a fangali, a juya shi da ƙasa, ita dai dashe kawai za ta yi.

Tunda maza za su shigo, muka shige ɗaki. Ni na leƙa ta taga. Baƙi ne wuluk, jiƙe sharkaf, yana tururi. Duk shebur ɗin da aka watsa sai in ga fararen abubuwa suna motsi, kafin a mayar da ƙasa a rufe su. Inna ba ta leƙa ba. Tana zaune a bakin gado, warin kawai ta shaƙa.

“Ɗanye ne,” ta ce a hankali.

“To Inna, ki ce su tsaya mana. A tara a lungu.”

“In aika wa wa? In ce wa uban yarinya kyautarsa ba ta yi ba?”

“Ki gaya wa Yaya.”

“Yayanku yana da hanci,” in ji ta.

Ina kallonsa ta tagar nan. Yana tsaye a bakin rijiya, hannu a baya, yana nuna musu fangalin da bai samu ba. Amalanke na fita wani na shigowa. Kafin azahar babu tafin hannu ɗaya na garkar da ba a cusa wa takin nan ba. Da la'asar Alhaji ya zo da kansa, ya tsaya a zaure, Inna ta tsaya daga bayan ƙofa, suka gaisa. Na ji ta da kunnena tana cewa, “An gode, an gode. Allah ya ƙara arziki, Allah ya bar zumunci.”

Wanda bai san gidajenmu ba zai ce ai abin mai sauƙi ne, a kwashe mana. Inna ta san maganin sarai: a tone fangalin gaba ɗaya, a baje ƙasar a rana, a saki kaji, a haƙura da shukar bana. Amma wa zai tone? Aikin maza ne, maza kuma ta hannun Yaya suke shigowa. Kajin suna ƙauye. Ƙofar ɗakin amarya tana kallon ƙofar garka, ba yadda za a yi a kwashe takin ubanta ba ta gani ba. Kullum in ta dawo daga gaida iyayenta sai ta durƙusa ta ce, “Inna, Baba yana gaisuwa, ya ce ko an yi dashe?” In kuma garka ta zauna rani guda babu komai a ciki, ga maganar Baffa tana jira. Haka Inna ta ɗauki irin da ta rena da hannunta ta dasa a cikin abin da ta san zai kashe shi.

Zafin takin ya fara ƙone wasu. Waɗanda suka tsira suka yi kore shar, har amarya ta kai wa ubanta labari. Ana cikin haka na haihu. An yi suna, an watse, sai tumatir ya fara langaɓewa ɗaya bayan ɗaya.

Ban taɓa ganin mutum ya yi yaƙi a ɓoye kamar yadda Inna ta yi a ranin nan ba. Da ta idar da sallar asuba sai ta hura wuta ta ɗora ruwan wankan jegona, ta yi mini wanka da ganyen darbejiya, ruwan yana ƙuna ina kuka tana yi mini tsiya wai 'yan zamani ba su da ƙashi. Ana gamawa ba ta zubar da sauran ruwan. Sai ta bar shi ya huce da ganyen a ciki, ta ɗiba da bokiti ta bi gindin shuka tana zubawa. Tokar murhun ma ba ta kwana, duk a fangali take ƙarewa. Ta sa yaran maƙwabta suka tsinto mata 'ya'yan darbejiya, ta daka a tsohon turmi, ta jiƙa ya kwana, ta tace da tsumma ta zuba. Amarya ta tambaye ta na mene ne, ta ce na ƙarin kore ne.

Wani lokaci sai ta toshe bakin fangali ta yi ta jan guga har ruwa ya kwanta a ciki, don in ƙasa ta cika da ruwa gwazarma takan taso sama neman iska. Sai ta tsuguna tana tsincewa tana jefawa a gwangwani. Inda shuka ta langaɓe kuwa da yatsu take tonawa, ta kamo mai laifin a naɗe a gindin. In gwangwanin ya cika sai ta rufe shi da gefen zanenta, kamar mai ɓoye abin sata, ta bi ta jikin katanga ta juye wa kajin maƙwabta ta sama. Matar da ta haura sittin, ga ciwon gwiwa, ga sanyin safiya. Ina zaune a ɗaki da jaririya a cinya, an hana ni taɓa ruwan sanyi, ina jin ƙarar gugar nan, raina yana tafasa.

Dabarun nan suna aiki, ban ce ba sa yi ba. A shekarar da gwazarma ta ɗan ɓulla a fangali ɗaya, da su take gamawa da ita. Amma wannan ba ɓulla ba ce, da amalanke aka kawo ta. In ta ceci layi ɗaya yau, gobe na kusa da shi ya kwanta.

Har kaza ta aro. Maƙwabciyarmu ta miƙo mata ita ta kan katanga, Inna ta ɗaura mata dogon tsumma a ƙafa ta turke ta a fangalin da ya riga ya mutu, ta ɗan buɗa mata ƙasa da fartanya. Kazar nan ta ci har maƙoshinta ya karkace. Na daɗe ban ga Inna ta yi dariya irin ta ranar ba, har tana yi wa kazar kirari. Kwana biyu aka yi. A na uku Yaya zai fita kasuwa ya tsaya a ƙofar ɗakinta ya gaishe ta, sannan ya ce, “Inna, kamar na ji kukan kaza a baya.” Yana fita ta kwance tsumman ta mayar da kazar inda ta fito.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yaran nan masu kwano. Da fari tana ɗan tsakuro musu abin da ya samu. Daga baya in ta ji sallamarsu sai ta shige ƙuryar ɗaki ta ce, “Auta, ce musu bai isa yanka ba.” Ni nake fita in yi ƙaryar. A hankali suka daina zuwa.

Na tare Yaya a zaure wata rana, na ce, “Yaya, kai fa ka san ɗanyen taki. Kai kake juya mata juji.”

Ya ce, “Auta, ki ji da jegonki.”

“Da ka ce su jibge a lungu, wa zai ji haushi? Sai ka ce wa Alhaji ana ajiye shi ne don baɗi.”

“An riga an yi. So kike in je in ce wa surukina ya kashe wa uwata garka?”

“To ka kawo mutane su tone. Ka bari a dawo da kaji.”

Ya dube ni, ya gyara hularsa, ya ce, “Ƙasar nan fa ta tsufa. Tun kafin a haife ni ake nomanta. Kowane abu yana da iyaka.” A nan na gane. Ban ce shi ya ba Alhaji shawarar aiko da takin ba, Allah ne masani, kuma ban taɓa samun wanda ya ce mini haka ba. Amma na san da ya ga amalanken farko ya san abin da ke ciki, ya kuma buɗe ƙofa.

Kafin sanyi ya wuce garka ta zama abin tausayi. Zogale ne kawai a tsaye, sai ɗan albasa a layi biyu na bakin rijiya. Ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci Yaya ya shigo da Baffa. Alhaji ma yana tare da su, wai ya biyo ne ya ga jaririya tunda bai samu zuwa suna ba. Aka miƙa masa ita ya yi mata addu'a, daga nan Yaya ya ce su leƙa baya su gani. Inna ta lulluɓe ta zauna a bakin ƙofar ɗakinta, inda za ta ji su ba tare da sun haɗa ido ba. Ni ina kusa da ita. Amarya tana tsaye a ƙofarta, da ƙaramin ciki a lokacin.

Alhaji ya zagaya fangalin yana girgiza kai. Da gaske abin ya dame shi, mutumin bai taɓa riƙe fartanya ba, shanu ya sani. Ya ce, “Ikon Allah! Wallahi mafi kyan takin da nake da shi na sa aka kawo. Ƙasar da wannan bai tayar da ita ba, ai ta gama.”

Yaya ya ce, “Abin da nake ta faɗa ke nan.”

Baffa mutum ne mai adalci. Da suka fito tsakar gida ya juyo wajen ɗakin Inna ya ce, “To, ke mai wuri, me kika gani? Ke kika san ƙasarki. In wata cuta ce mai magani, a faɗa a nema.”

Inna ta ƙara jan lulluɓinta. Na jira, na jira. Gwangwanin safiyar ranar yana bayan ƙofa, ba ta samu juyewa ba. Ban san lokacin da na ɗauke shi ba. Na fita na juye shi a gabansu a kan siminti, suka baje suna mutsu-mutsu.

Na ce, “Baffa, ba ƙasa ba ce. Ga cutar nan. Ɗanyen taki aka zuba, shi ya kawo su. A tone a shanya a rana a saki kaji, baɗi sai ta fi da kyau. Yaya ma ya sani.”

Alhaji ya kalli abin da ke ƙasa, ya kalli Yaya. Amarya ta sa gefen mayafi ta rufe baki. Na ga Baffa ya buɗe baki zai yi magana, sai muryar Inna ta fito daga bayana, a natse, ba rawa ko kaɗan.

“Alhaji, a yi haƙuri. Zafin jego ne ke ɗibarta. Yarinya ce, me ta sani a kan ƙasa? Tsutsar nan tun da can akwai ta, kowace shekara ina fama da ita. Takinku ba shi da laifi, Allah ya saka da alheri. Ƙasar ce ta gaji.”

Matar da ta koya mini warin nunannen taki tun ban iya ɗaura zane ba, ita ce ta ce ban san ƙasa ba. Baffa ya daɗe yana kallon ƙofar ɗakin. Ina jin ya gane. Amma mai wuri ta yi magana a gaban suruki, me zai ce? Ya ce, “To, shi ke nan. Allah ya sa haka ne mafi alheri.” Suka fita. Inna ta ɗauko tsintsiya ta share gwazarmar nan da kanta.

Kwanaki na yi ba na yi mata magana sai gaisuwa. Tana yi mini wanka muna shiru. Ranar da zan koma ɗakina tana ɗaure mini kaya ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, “Ke gidanki za ki tafi. Yarinyar nan a nan za ta zauna, a nan za ta haihu. In aka ce ubanta ya kashe garka, da wane ido za ta kalle ni, da wane zan kalle ta?”

Na ce, “Shi kuma Yaya fa?”

Ta ja bakin ƙullin ta ɗaure tamau. “Ɗauki 'yarki, mota na jira.”

Na fahimci maganarta, amma ban yafe ba, kuma ba zan yi ƙaryar cewa na yafe ba. Kunyar nan da ake yabon matanmu da ita, na ga abin da take ci. Kowa ya fita da mutuncinsa a ranar, Alhaji da 'yarsa da Yaya, ita kaɗai ta biya.

Da bazara na zo gaishe ta na tarar an fasa katangar baya. Magina sun ja igiya sun haƙa ramin tushe, sun tara ƙasar fangali tsibi-tsibi a rana. Tunda babu katanga, duk kajin unguwa sun shigo, har da zabi, ga balbela sun sauka suna bin masu haƙa. Ba mai korarsu. Rana tana dukan ƙasar nan, kaji suna tona, magina suna sake juyawa don su sami wurin aiki. Duk abin da Inna ta roƙi Allah a kai rani guda, ga shi ana yi mata kyauta.

Na kwana biyu a gida. Ranar da zan tafi, da magina suka tashi cin abinci, ta ce in raka ta. Ta taka a hankali har gaban wani tsibi, ta tura hannu ciki har wuyan hannu, ta tona nan ta tona can. Ko ɗaya babu. Ta damƙo ƙasar, baƙa, mai laushi, ta murza ta kai hanci.

“Ya nuna,” ta ce. “Takin Alhaji mai kyau ne. Da bana albasa sai an gaji da ci.”

Ta buɗe hannu ta zubar, ta goge a zanenta. Daga baya na ji wani mai lambu ya zo ya roƙi ƙasar, Yaya ya ce ya kwashe don ta tare hanya. Da amalanke aka fitar da ita.

Shaguna ne a wurin yanzu. An toshe rijiyar, tagar ɗakin Inna tana kallon bayan bulo. Yaya bai rage ta da komai ba, kullum yana aiko da cefane, kowa yana yabonsa. Ita da amarya suka zauna lafiya har ƙarshen ranta, ba wanda ya taɓa jin kansu, in wannan ne abin da ta saya to ta samu.

Bayan wasu shekaru na je gida da yara. Ranar cefane ya zo babu ganye, Inna kuma tana sha'awar miyar alayyafo. Ina cikin ɗaki ina shayarwa, ba ta san ina jin ta ba. Ta kira babbar 'yata, wadda aka yi wa wancan jegon, ta miƙa mata kwano, ta kwatanta mata gidan wata mata a bayan layi mai 'yar garka. Sannan ta rage murya.

“In kin je ki yi sallama ki gaishe ta. Ki ce wai in ji Inna a san mata alayyafo.” Yarinyar ta juya za ta tafi, ta sake kiranta. “Ki ce ko kaɗan ne.”